Habu Masassaƙi da Injin Ƙaninsa

Kafin inji ya zo Kiru, in aka ce Habu sai a ƙara da Masassaƙi, don a raba shi da sauran masu sunan. Sana'ar gado ce. Ubansa da ita ya ci ya sha har ya koma ga Allah, ya bar masa gatari da gizago da rumfa a gindin wani tsohon maɗaci da ke ƙofar gidansu. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, allon makaranta, ƙotar fartanya, duk daga hannunsa suke fita. Matan Badafi har sammako suke yi su zo sayen turminsa, don an ce ba ya tsagewa. Dogon mutum ne mara yawan magana, mai ji da kansa a kan aikinsa. In mai saye ya yi tayin da bai yi masa ba, ko albarka ba ya cewa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sara.

Yana da ƙane guda, Mudi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun Mudi yana ƙarami gizago ya ƙi zama a hannunsa. Habu kuwa ba shi da haƙurin koyarwa. Ya sha ƙwala masa ƙota a ka, ya sha kiransa mai mataccen hannu a gaban masu saye, su yi ta dariya. Da Mudi ya tasa sai ya bar rumfar ya bi motocin gyaɗa, daga nan ya zama mai awo. Shekarun nan ne da gyaɗa ta yi daraja, dalar gyaɗa ta tashi a Kano. Kafin a ankara Mudi ya yi sikeli, ya yi keke, ya yi motar kaya tasa ta kansa, kuma duk da haka bai bar gaida yayansa a durƙushe ba. Habu ya ɗauka abin da ya wuce ya wuce.

Wajen 1955 Mudi ya ce zai gyara gidan gado. Ya ga gidaje a Fagge masu rufin kwano da ƙyauren katako da tagogi, ya ce ba zai yarda mahaifiyarsu Iya ta ƙare kwananta a ɗakin da ke yoyo ba. Matsalar ita ce katako. Masu yanka da zarton hannu sai su yi wata a kan gungume guda. Ana haka ya ji labarin wani kamfanin haƙar kuza a Riruwai yana tashi, yana sayar da kayansa, har da injinan yanka katako. Ya zo rumfa ya zauna a kan wani turmi da ba a gama ba, ya ce, "Yaya, kai ka san itace. Ka raka ni ka zaɓa mana."

Tun da suke, Mudi bai taɓa neman shawararsa a kan komai ba. Habu bai nuna ba, amma ya ji daɗi har cikin ransa. Ya sa matarsa Hasana ta wanke masa rigarsa ta zuwa Juma'a.

A Riruwai suka tarar da injina biyu a ƙarƙashin wata rumfar kwano, da mutumin da ke aiki da su, wani gajere mai fara'a ɗan Tudun Wada, sunansa Sale. Sale ya tayar musu da ƙaramin. Yana tafiya a hankali, ƙararsa kaɗan, ya ce don aikin gida wannan ya isa har ya yi yawa, kuma in ya ci tura tsayawa yake yi. Sannan ya tayar da babban. Bel ya ja, wani faifan ƙarfe mai haƙora kamar faɗin faifan tankaɗe sau uku ya soma juyawa har haƙoran suka ɓace wa ido. Aka tura masa gungumen maɗaci, ya ratsa shi kamar ana yanka kabewa.

Habu ya ɗauki katakon da ya fito, ya shafa shi da tafin hannu, ya shinshina. Duk shekarunsa yana fama da itace, itace na fama da shi, bai taɓa ganin an rinjaye shi haka ba.  Mudi ya dube shi, Habu ya ce babban. Shi ma Mudi dama babban yake so, don ya lura ƙararsa za ta kai har bayan gari. Wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Sale ya biyo su Kiru ya kafa injin a filin ƙofar gida, ya yi 'yan kwanaki yana koya wa Habu: yadda ake juya ƙarfen tayarwa, yadda ake cika tankin ruwa don kada inji ya yi zafi, yadda ake wasa haƙora, inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Ya dafa murfin ƙarfe da ya rufe saman faifan ya ce ko me za a yi kada a cire shi. Ya ce in ana so shi zai zauna ya riƙe aikin, tunda nasa ya ƙare a Riruwai. Mudi ya yi masa godiya, ya ce yana da mai yi a gida.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Habu. Ya ajiye gizago. Jama'a na zuwa daga Badafi da Bebeji su tsaya daga nesa, hannu a kunne, suna kallonsa cikin dusar katako. Ya yi ƙyauren zaure, ya yi tagogi, ya yanka katakon rufi. Hasana ta ce ko a wajen cin tuwo hannunsa rawa yake yi, shi kuwa ya ce daɗin aiki ne.

Mudi mai gaggawa ne. Tun bazara ba ta yi nisa ba ya sa aka yaye rufin ɗakunan gaba ɗaya, har da na Iya, aka mayar da ita wata bukka a bayan gida. Sai hadari ya fara haɗowa da wuri. Gungumen da aka kawo daga wajen Falgore kuwa manya ne, wasu ba sa shiga ƙarƙashin murfin. Mudi ya ce a cire shi. Gaskiyar magana Habu ya riga shi yin wannan tunanin, don murfin yana tare masa ganin layin yanka. Ya kwance shi ya jingine a bango, aiki ya ƙara sauri, ba abin da ya faru. Mudi ya bai wa maƙeri murfin aka yi fartanyu da shi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Mudi ya zo da baƙi, abokan cinikinsa daga Kano, yana so su ga abin da ya mallaka. Habu yana tura wani gungume mai ƙulli a hankali, yana sauraron kukan faifan. Mudi ya ga kamar ana ba shi kunya da wannan jan jiki, sai ya naɗe hannun riga ya sa kafaɗa daga baya ya ingiza. Gungumen ya yi tsalle. Hannun Habu na dama ya bi shi.

Bai ji zafi ba da farko. Ya ga dai katako ya yi ja, ya ga baƙin sun ja da baya suna salati. Ya zauna a ƙasa ya riƙe abin da ya saura. Yana zaune yana kallo Mudi ya kashe injin, ya sunkuya yana duba haƙoran faifan ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya karye. Sai da ya gama ya juyo.

Motar Mudi a ranar za ta Kano ɗauko kwano. Hasana ta fito ba mayafi ta roƙe shi a sa mijinta a ciki. Ya ce wanzami ya isa, kuma jini zai ɓata mota. Wanzami ya zo ya ƙona wurin da tafasasshen man kaɗanya, ya ɗaure da tsumma. Bayan kwanaki hannun ya kumbura, ya soma wari, Habu yana ta surutai cikin zazzaɓi. Hasana ta je ta durƙusa gaban Iya. Habu ɗan fari ne, Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna kulawa da shi a gaban mutane ba, yanzu ma ta kau da kai ta ce Allah ya sawwaƙe. Ko kunyar ɗan fari ce, ko tsoron ɓata wa mai ciyar da ita rai, Hasana ba ta taɓa ganewa ba. Sai da Malam Khalil, mai makarantar allo ta unguwar, ya tare Mudi bayan sallar la'asar ya yi masa magana a gaban jama'a, sannan aka kai Habu asibiti a Kano. Can aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Da ya dawo damina ta yi nisa. Bai gane ƙofar gidansu ba. Kwano na ƙyalli, zaure ya sha siminti, amma maɗacin babu, rumfar babu. An sare shi an yi ƙyamaren cikin gida da shi. A ciki kuma an ja katanga doguwa ta raba gidan biyu. Rijiya da zaure da ɗakin Iya suna ɓangaren Mudi. Ɗakin Habu, wanda shi kaɗai kwano bai kai kansa ba, yana ɗaya ɓangaren, an fasa masa wata 'yar ƙofa ta baya wajen juji. Mudi ya ce ya yi haka ne don Yaya ya sami hutu, kada hayaniyar baƙi ta dame shi.

An aika an ɗauko Sale, ya zo da matarsa Turai, an ba su ɗaki a gefen injin. Yanzu ba aikin gida kaɗai ake yi ba, duk mai son ƙyaure ko katakon rufi daga Kiru har Burumburum nan yake zuwa. Habu ya gwada gizago da hagu, ya kasa, don ba hannun da zai riƙe itacen. Hatsin rumbu ya ƙare. Da ya je wurin ƙaninsa, Mudi ya ce ai gida nasa ne, akwai aiki: ɗebo ruwan tanki da share dusa.

Haka Habu ya koma ɗaukar garwa da hannu ɗaya. Yara suka sa masa Dungu, manya suka ɗauka, har ya zama in an ce Habu Masassaƙi sai a tsaya tunani. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar kasuwa. Mudi ya mai da al'ada duk ranar kasuwa shi ke yanka katakon farko da kansa, jama'a na kallo. In ya gama sai ya kira yayansa cikin ladabi, ya ce ya ɗaga hannun riga ya nuna wa mutane ƙarfin injin. Wata rana ya ƙara da cewa, yana murmushi, "A da ni ake ce wa mai mataccen hannu. To nawa dai ga shi, Yaya. Naka fa?"

Aka yi dariya, irin wadda Habu ya sani, don a rumfarsa aka fara yin ta. A ranar ya gane ba abin da ya wuce.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Sale. Shi ne bai taɓa kiransa Dungu ba, Malam Habu yake cewa. In ya sayi goro sai ya ɓara ya miƙa masa rabi. Ya nemi murfin da aka cire, da aka ce ya zama fartanya sai ya ce iyali ne suka sa mutum zama inda bai kamata ba. Da hannunsa ya ƙera wa Habu wani maƙali na katako da ƙarfe mai riƙe itace tamau, yadda zai iya sassaƙa da hagu. Habu ya fara da muciya, ta fito a karkace, Sale ya saya wa Turai ya ce ta fi daɗin tuƙi. Hasana da Turai suka ƙulla ƙawance ta kan katanga.

Wata safiya, ana gobe kasuwa, Habu yana sharar ƙarƙashin injin ya ɗaga kai ya ga wani siririn layi a jikin faifan, ya taso daga ramin tsakiya ya nufi haƙora. Kamar silin gashi yake. Amma wanda ya yi shekaru yana duba turmi ya san tsaga in ya gan ta, ya kuma san ba ta komawa baya. Sale ya taɓa gaya masa faifai mai tsaga fashewa yake yi, ya watsu kamar an harba.

Ya daɗe a tsugune. Ranar ba aiki, Sale ya tafi sayo mai. Gobe kuma hannun farko na Mudi ne. Habu ya lakato baƙin maiko da yatsa, ya haɗa da dusa, ya shafe layin har ya ɓace. Ya gama shararsa ya koma gida, ya ci tuwo fiye da yadda ya saba. Hasana har ta yi murna.

Kashegari jama'a suka taru. Mudi ya fito cikin farar riga, ya naɗe hannu, Sale ya tayar da inji. An ɗora gungume ke nan sai ga ɗan aike daga gidan hakimi, ana neman Mudi yanzu yanzu a kan maganar hanyar mota. Mudi ya saki hannun rigarsa ya ce Sale ya fara, yana dawowa.

Habu yana tsaye da garwa a gefen tanki. Akwai lokaci. Sale sai da ya gyara hularsa, ya tofa a tafin hannu, ya waiwayo ya yi masa murmushi. Habu ya buɗe baki. Sai ya tuna in ya yi magana za a duba, a ga maiko da dusa, a ga shafar yatsa, a tambayi wa ke shiga ƙarƙashin injin. Ya kuma ce a ransa wataƙila faifan ya jure har Mudi ya dawo. Ya rufe bakinsa, ya matsa bayan tanki.

Faifan bai jure ba. Yana shiga tsakiyar gungumen aka ji wata ƙara kamar tsawa, mutane suka watse. Wani ɓallen ƙarfe ya huda kwanon zaure, wani ya ratsa fuskar Sale daga wannan gefe zuwa wancan, daidai idanu.

Bai mutu ba. Wannan karon jama'a sun yi yawa, dole aka sa shi a mota nan take. Ya dawo daga Kano da fuska a ɗinke, ba ya ganin ko hasken rana. Mudi ya ce sakaci ne, mai aiki da inji shi ya kamata ya duba kayansa, ya jawo masa asarar faifai da zubar da mutunci ranar kasuwa. Ya ce in Sale ya ji sauƙi yana bukatar ɗakin, don wani zai zo. Sale bai yi musu ba. Ya ce lallai laifinsa ne, da ya duba da kyau da ya gani.

Habu ne ya yi jinyarsa. Shi ke kai shi bayan gida, shi ke zuba masa ruwan alwala, shi ke jan sa zuwa masallaci, mai hannu ɗaya a gaba, makaho a baya. Garin duka aka yi ta yabonsa. Malam Khalil ya kafa misali da shi a wajen karatu. Duk lokacin da aka yabe shi sai ya ji kamar ana ɗura masa ruwan zafi, amma bai fasa ba, bai kuma ce komai ba.

Ranar da za su koma Tudun Wada, Turai ta fito da akwatin kayan aikin mijinta ta ajiye a gaban Habu. Sale ya lalubo hannunsa na hagu ya riƙe da hannu biyu.

"Malam Habu, ni da su mun rabu. Kai za su yi wa amfani. Duk garin nan kai kaɗai ka san abin da ya same ni."

Habu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Kafin kaka sabon faifai ya iso daga Kano, da sabon mai aiki. Mudi ya ƙara soro a kan zaure, bayan shekara biyu ya tafi Makka. Iya ta rasu a ɗakinta mai rufin kwano. Da aka share makoki Habu ya kwashe kayansa ya koma Burumburum, inda dangin Hasana suka ba shi 'yar gona. Da kayan Sale yake aiki. Hagunsa ta ƙware, yana yin muciya da ludayi da ƙananan kujeru, matan Fulani na saye. Amma ya zama mutumin da ba a son zama kusa da shi. Ba ya zuwa suna, ba ya zama a dandali. Ran da Hasana ta ce tana so ta je ta dubo Turai, tunda yanzu Tudun Wada ba nisa, sai ya ɗauke ta da mari, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake yi masa hira ba sai abin da ya zama dole.

Kasuwar Tudun Wada ce babbar kasuwarsa, ba yadda zai yi ya ƙi ta. A can Sale yake zama, a bakin rumfar mahauta, da ƙoƙo a gabansa, Turai tana kawo shi da safe ta ɗauke shi da yamma. Habu ya koyi zagayawa ta bayan 'yan hatsi. Amma wata rana, gab da ƙarshen shekarun hamsin, wata Bafilatana ta tare shi da ciniki daidai wurin, ya manta ya ɗaga murya. Sale ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Malam Habu? Malam Habu na Kiru, kai ne?"

Habu ya tsaya da ludayi a hannu. Mahauta na kallonsa, suna kallon hannun rigar da ke lilo. Ya shaƙe murya ya ce ba shi ba ne, shi baƙo ne daga Zariya.

Murmushin Sale ya sauka a hankali. Ya ce a yi masa afuwa, muryar ce ta yi kama da ta wani ɗan'uwansa. Sannan ya miƙa ƙoƙon ya ce, to ko baƙon zai taimaka saboda Allah. Habu ya tattara kayansa ya wuce, bai saka komai ba.

Ya yi shekaru bayan haka, ya rasu a Burumburum da damina, bayan gajeriyar rashin lafiya. Mudi ya zo gaisuwa a mota, ya zauna a kan tabarma ya yi kuka sosai, ya ce duk abin da ya zama a duniya Yaya ne ya sa shi a hanya.